Hurden da Baba Yake Gadi

Ina roƙon mai karatu ya yi mini uzuri tun daga farko. Shekaruna tara ko goma lokacin da abin ya faru, kuma na juya shi a raina sau da yawa, har ba na iya rantsewa a kan wanne na gani da ido, wanne na ƙara daga baya. A iya tunanina wata Laraba ce a Nuwamban 1989, ana yayyafi, 'yan ajinmu na firamare a unguwar Barking ta London muka jeru bibbiyu a tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa, kowa da ƙunshin abincinsa. Malamarmu za ta kai mu babban gidan zane-zane da ke tsakiyar London. Kowa yana murna ban da ni. A can mahaifina yake aikin gadi, ni kuwa na gaya wa 'yan ajinmu a ofis yake aiki.

Muna zaune a ƙasan wani gida, iyalin Mista Danladi, Kiristoci mutanen Jos, suna sama. Karatu ne ya kawo Baba Ingila, karatun bai yiwu ba, ya kama aikin da ya samu. Mahaifinsa mai maganin dawaki ne a ƙauyensu, don haka a barga ya tashi. Bai taɓa kiran sunana ba, domin sunan mahaifiyarsa na ci. Uwata yake ce mini. Ba a samun kara a Barking, sai ya cire sandar abin goge ƙasa, ya cusa tsumma a tsohuwar safa ya yi mata kai, ya yanko igiyar shanya ya yi linzami. Da wannan dokin kara muke sukuwa a ɗan filin bayan gida, ni da ƙanena Sani da 'ya'yan Mista Danladi, tsakanin bola da shanya, Umma tana leƙowa ta tagar kicin da muciya a hannu tana cewa za mu zubar mata da wanki. Baba yakan zauna a bakin ƙofa yana koya mana launin dawaki. "Baƙi wuluk akawal ne, fari kili, ja bikili. Wanda toka ta yi wa dabbare-dabbare kuwa hurde. Bature sai ya ce grey ya wuce, kamar ba shi da ido."

A ɗakin da yake gadi akwai zanen wani mutumin Holan, na shekara fiye da ɗari uku, zaune a kan doki da ya ɗaga ƙafafun gaba. Baba yana kiransa mutumina. Ya ce attajiri ne, ba jinin sarauta ba, ya sa aka zana shi a kan doki don a ɗauke shi babba. "Riƙon linzaminsa riƙon ma'auni ne," in ji shi. "Dokin aro ne." Daga baya na karanta abin da ya sa nake zaton mutumin yana da nasa dawakan, wataƙila Baba bai yi masa adalci ba. Amma na san dalilin da yake son maganar. Duk Sallah yakan sa babbar riga, ya dafa jar motar Mista Danladi a ɗauke shi hoto, a aika gida. Mista Danladi ya ce, "Malam, dafa a hankali, kada mutanen ƙauye su ce a aiko musu da ita." Baba ya yi dariya ya ce, "Ni da mutumina na Holan sana'armu ɗaya."

Da muka shiga ɗakin a ranar, zanen na fara gani, ya fi bangon kicin ɗinmu girma. Sannan na ga Baba a bakin ƙofa cikin kayan aiki, hannuwa a baya, kamar ya fi yadda yake a gida ƙanƙanta. A gidanmu yaro ba ya wuce uba bai durƙusa ba. Na wuce shi ina kallon takalmina. Malama ta zaunar da mu a ƙasa, ta yi bayanin yadda masu kuɗi suke son a gan su a sama, sai ta tambaya launin dokin. Yara suka haɗa baki suka ce grey. Kalmar tana bakina. Na ji takun Baba ya matso, ya ce a hankali, "Uwata, gaya musu." Ban ɗaga kai ba. Kelly, yarinyar da ke gefena, ta zungure ni ta ce me mai gadin ya ce mini, na san shi ne? Na ce mata da Turanci ban san shi ba. Da na saci kallo, yana bakin ƙofa, hannuwa a baya, yana kallon bango.

Da yamma ya dawo, ya cire takalmi, ya yi sallah, ya ci tuwo. Ina ta jiran faɗa, faɗa bai zo ba. Sai da ya wanke hannu ya ce, "Kun ga dokin?" Na ce mun gani. Ya ce, "Wane launi ne?" Na ce hurde. Ya ce, "Ashe kin sani." Bai sake tayar da maganar ba, ni ma ban tayar ba. Ya ci gaba da kirana Uwata. Ina jin bai ƙara gyara mana dokin kara ba, amma ba zan ɗora wannan a kan ranar ba, mai yiwuwa girma muka yi kawai. Ya rasu a 1996 bayan gajeriyar jinya, ban kai ga shiga jami'a ba, ban kuma nemi gafararsa ba. Kullum sai in ce gobe.

Tarihin zane na karanta, a kan irin waɗannan hotunan dawaki na rubuta kundin digirina. Yanzu nawa 'ya'yan ina yi musu Hausa suna amsawa da Turanci, ba su san kili ba balle hurde. Idan na je ɗakin nakan gaishe da mai gadi kafin in kalli zanen, wasu su amsa, wasu su yi mamaki.

Abu ɗaya ne ban iya warwarewa ba. Wani lokaci nakan tuna Baba ya riga ya koma bakin ƙofa kafin in amsa wa Kelly, wani lokaci kuma in ga yana tsaye a bayana. Akwai Malam Issaka, abokin aikinsa mutumin Ghana, da ke gadin ɗaki na gaba. Akwai iyalin Mista Danladi da na ji sun koma Dagenham. Akwai 'yan ajinmu. Duk wanda ya ga kuskure a shekara ko rana ko wata magana, don Allah ya gyara mini. Wanda kuma Baba ya taɓa gaya wa ya ji abin da na ce, kada ya tausaya mini, ya faɗa. Na fi shekara talatin ina auna tazarar da ke tsakanina da ƙofar nan.