Fankar da Na Ɗaura wa Baba a Rumfa

Baba bai zo Parakou da son ransa ba, ni na ɗauko shi. Bayan rasuwar Inna ya zauna shi kaɗai a gidanmu na Djougou, ƙafafunsa suna kumbura, ba mai tuna masa shan magani. Likita ya ce sai an riƙa duba shi duk mako. Na je na yi kuka, na yi faɗa, har na rantse ba zan koma gidan mijina ba sai da shi. A kwana na huɗu ya ɗauki buzunsa da butarsa, ya sa aka ɗora masa huhun goro guda a kan mota.

"Zan zauna wurinki har goron nan ya ƙare," in ji shi. "Ran da ya ƙare, na tafi."

Baba ba ya magana biyu. Kakanninsa da jakai suka yi fataucin goro, shi ma a cikin goro ya tsufa. Na san huhu in ya samu kulawa yana kai watanni, shi kuma bai fi ya ci ɗaya ya ba baƙi biyu a yini ba. Sai na ce a raina, kafin nan ai ya saba.

Bai saba ba. Ɗakin da na share masa a gidanmu na unguwar Zongo ya ce kamar an rufe shi a tukunya. Ya kwaso buzunsa ya dawo rumfar kwano ta tsakar gida. Ga shi bazara ta kama. Daga hantsi kwanon nan zai fara ƙas-ƙas, Baba ya tashi ya koma wancan gefe, ya dawo, ya leƙa zaure, ya tambaye ni ko motocin Djougou har yanzu a tsohuwar tasha suke lodi. Duk ranar da ya yi wannan tambaya ba na iya cin abinci.

Maigidana direba ne. Na tasa shi gaba sai da ya sayo mini fankar sama daga Najeriya. Mai gyaran wuta ya ce rumfar ta yi ƙasa, aka ɗaga ta da bulo biyu. Ya ce fanka a ƙarƙashin kwano tsirara zafi kawai za ta turo, aka shimfiɗa zana ta ciki. Lokacin juyin juya hali ne, kowa ya zama kamarad. Delege, wakilin hukuma a unguwa, ya leƙo ya ce, "Kamarad, fanka a waje? An zama burjuwa masu kuɗi ke nan." Na ce masa in talakawa ne kaɗai aka yarda zafi ya kashe, ya rubuta mini a takarda. Ya yi dariya, ya zauna ya sha iska.

Baba ya kalle ta ya ce, "Wannan abu ba zai sare mini kai ba?" Amma ran nan ya yi barcin rana har la'asar, bai tambayi tasha ba. Na ji daɗi ƙwarai, har na yi ta cika baki a gaban maƙwabta.

Abu ɗaya ne, ba ya taɓa buɗe huhunsa fanka tana juyawa. Duk bayan kwana kaɗan zai ce, "Kashe mini ita." Sai ya baje goron, ya fitar da wanda tsutsa ta taɓa, ya yayyafa ruwa, ya sake ganye, ya ɗaure. Ina gani, amma ban taɓa tambayar dalili ba. Na ɗauka rigimar tsufa ce.

Wata Talata da safe aka ɗauke wuta. Baba ya ga fanka a tsaye, ya buɗe huhu ya baje goronsa duka a kan buhu. Yana cikin tsinta jiri ya kwashe shi. Muka yi asibiti da shi a guje, aka ba shi gado. Da yamma na dawo ɗaukar bargo da kwano, na tarar wuta ta dawo, fanka tana ta juyi a kan goron. Hannuna ya kai kan makunni, sai na ce, bari in bar ta, kada zafi ya dafa masa goro. Na ƙara mata ƙarfi ma. Na kulle gida na tafi. Maigida yana kan hanya, yara suna gidan kakarsu a unguwar Albarika.

Kwana uku muka yi. Da muka dawo goron ya yanƙwane, ya yi tauri, ja da farin duk sun koma launin ƙasa. Ni, 'yar mai goro, jikar masu goro, na manta iska ce babbar abokiyar gabarsa. Wallahi har yau in na tuna haushin kaina nake ji.

Na shigar da Baba ɗaki kafin ya gani, na ruga kasuwa na sayo sabo, na naɗe a ganye na ɗaure yadda na ga yana yi. Washegari ya kwance. Ya ɗauki ɗaya, ya juya shi, ya ajiye.

"Wannan ba nawa ba ne."

"Baba, goro ai goro ne."

"Ina nawa?"

Na kawo masa a kwano. Ya daɗe yana taɓa su ɗaya bayan ɗaya. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi.

"To," ya ce. "Ya ƙare."

Na durƙusa na roƙe shi. Na ce zan cire fankar, na ce laifina ne ba na Parakou ba, na ce likita bai sallame shi ba. Ya ce ya ji, Allah ya yi mini albarka, a nemo masa mota.

A tasha, bayan ya zauna, ya sa hannu a aljihu ya fito da ƙyalle mai danshi. Farin goro ne guda, wanda ya ware don ya ci ran da ya faɗi.

"Saura wannan," ya ce. "Riƙe mini. Mu gani ko kin koya."

Na naɗe shi a ganye na ajiye a gindin randa, can nesa da rumfa. Kullum sai na duba shi da safe, in duba da rana, in yayyafa ruwa, in fita zaure in ga ko akwai mai saƙo daga Djougou. Na sake masa ganye sau shida. Ran da aka aiko cewa Baba ya rasu, na je na kwance shi kafin in ɗauki mayafi. Ko kaɗan bai bushe ba.