Yankin Hantata da Sunan 'Yar Farina

A lokacin ni malamar kimiyya ce a makarantar 'yan mata kusa da garin Hajj Abdalla, irin malaman da ke zabga jan biro idan yarinya ta haɗa jinin A da na B a jarrabawa. A gida kuwa ni mai kunya ce. Na haifi 'yar fari, kuma bisa al'adar da kakanninmu suka taho da ita daga yamma, ba na kiran sunanta, ba na ɗaukarta a gaban surukai. “Waccan” nake ce mata, kakarta ke goyo.

Tun tana jaririya idonta ya yi rawaya. Muka yi ta ɗura mata jiƙon shawara, har likita a birnin Madani ya ce hanyar maɗaciyarta a toshe take tun haihuwa, mun kuma makara, sai dai a dasa mata yankin hanta a Masar. Babanta da ƙannensa jininsu ya dace da nata. Da aka duba su, sai aka tarar tsargiyar ruwan tur'a, magudanar da suke ban ruwan gonar hawasha da ita tun suna yara, ta taɓa hantar kowannensu. Ni ba wanda ya waiwaye ni, ni ma ban miƙa kaina ba. Littafina ya ce jinina bai dace ba, kunya ta ce uwar fari ba ta sa baki. Makonni ina kallon cikinta yana kumbura a bayan kakarta.

Ranar da likitan ya ce a ci gaba da nema cikin dangi, sai na ji bakina yana tambaya, uwa fa? Ya ce jikin jariri bai gama koyon ƙin baƙon jini ba, don haka ana dasa wa ƙanana ko jini ya bambanta, da magani da sa ido. Ashe darasin da nake koyarwa yana da shafi na biyu. Nan take na ce a yanki tawa hantar a dasa mata.

Surukata, kakar yarinyar, ta ce, “Ke 'yar nan, a gabanmu?”

Na ce, “Inna, a gabanku.” Na kwance goyon daga bayanta, na kira sunan yarinyar sarai.

Aka yi mana aikin a Masar. Yau tana firamare, tana shan maganinta safe da yamma, tabon cikinta ya fi nawa kyau. 'Yan'uwana mata, in idon jariri ya daɗe da rawaya ku garzaya asibiti, ku yi tambaya da bakinku. Kada ku bar tsohon karatu ko kunya su amsa a madadin likita, ni sun kusa ci mini 'ya. Ban rubuta sunanta a nan ba, amma duk ƙauyenmu sun haddace shi, don daga bakin ƙofa nake ƙwala shi kullum in abinci ya sauka.