Larabar da Baba zai yi magana

Ina shekarar ƙarshe a jami'a aka haɗa ajinmu da ɗaliban wasu ƙasashe, muna darasi ta bidiyo a waya kan yadda hamada ke cin gonaki. Ni a Kwaya nake zaune, don Baba ba lafiya. Rezo kuwa, wato sabis ɗin waya, kaf garin babu inda yake kamawa sai gindin gawon gonarmu. Can nake zuwa duk Laraba in jingina.

Baba ne ya raini gawon nan tun yana tsiro. Da na faɗa musu, wata ɗaliba Baturiya ta ce a kawo shi ya yi wa aji bayani, ni in fassara. Tsoho ya ji daɗi ba kaɗan ba. Ya sa aka wanke masa babbar riga. Kullum sai ya ce, "Kai, yaushe ne mutanen naka?"

Ranar da aka sa, rezo ya ɗauke. Da Laraba ta zagayo, malaminsu na da taro. Mutanen nan da taro, sai ka ce abinci! Daga nan suka ce hutu ya zo, sai an dawo. Na ce musu jikinsa fa ba daɗi. Suka yi mini Allah sarki da yarensu. Kafin a rufe, Baturiyar ta hango gawon a bayana ba ko ganye ɗaya, ga damina ta zauna. Ta ce, wayyo, ya mutu? Na ce a'a, haka gawo yake, da damina yake zubarwa, in an yi girbi ya dawo.

Baba ya rasu gero na fitar da kai. Muka kai shi, aka zauna makoki. Ina miƙa hannu, ina cewa amin. Ban yi kuka ba, kuma wallahi ban ji komai ba. Rigar tana nan a ninke kan akwatinsa.

Da aka koma darasi na tafi gindin gawo, don ƙafata ta saba. Fuskoki suka fito, kowa ya sha hutu. Baturiyar ta yi ihu, wai itace ya farfaɗo, ya yi kore shar. Suka tafa. Sai malamin ya ce to yau ranar Baba ce, a miƙa masa wayar.

Na ɗaga kai na dubi ganyen. Na ce, "Ba zai samu zuwa ba."

Malamin ya ce ba komai, Laraba mai zuwa.

Na ce to.