Shekara Tara Babu Saratu, Ni Kuwa Ina Nan Ina Neman Aibin

Shekara tara ke nan da muka binne ƙanwata Saratu, kuma bari in faɗi wautata da bakina tun kafin wani ya riga ni: na taɓa kai ƙarar mijinta gaban dattawan coci saboda matarsa ta cika fara'a. Ku yi dariyarku, an daɗe ana yi mini. Sunana Ɗanjuma, dillalin shanu ne ni a karar Wudil. Karatuna a aji uku ya tsaya, shi ma ajin na fi saninsa ta taga, don haka in kun ga wani harafi ya kwanta inda bai kamata ba, ku tashe shi da kanku.

Sana'ata ce ta lalata mini ido. Wanda ya daɗe a kara ba ya yarda da dabbar da ta cika kyau. In ka ga sa ya tsaya shiru, ciki ya cika fam, fata na sheƙi, to ka tambayi kanka me aka yi masa kafin a fito da shi. Wani kanwa aka ɗura masa, ya kwankwaɗi ruwa har cikin ya kumbura. Wani kuma shirunsa ba ladabi ba ne, ciwo ne ya hana shi motsi. Shi ya sa ba ma duban dabba ta fuska. Zagayawa muke yi ta baya, mu ɗaga jela, mu dubi kashinta, mu sa a ja ta ta taka. In da hali ma mu iso tun mai ita bai shirya ta ba. Da wannan idon na yi shekaru ina kallon 'yar'uwata, uwa ɗaya uba ɗaya.

A ƙauyenmu, can bayan Lajawa, ni na musulunta tun ina saurayi, ita ta bi mahaifiyarmu coci, kuma hakan bai hana mu cin tuwon tukunya ɗaya ba. Da mahaifinmu ya ce mace ba ta boko, ni na tsaya masa a wuya. Na ce zan haɗa kiwonta da nawa, a bar ta ta tafi. Ta tafi kuwa, har ta zama malamar firamare. Ranar da na fara ganinta da alli a hannu, na ishi mutanen kara da labari, sai da wani Bafulatani ya ce in dai Saratun nan ba karsana ba ce, in ƙyale shi ya yi cinikinsa.

Ta auri Bitrus, mai gyaran injin ban-ruwa, suka zauna a Sabon Garin Wudil. Bayan haihuwarta ta biyu sai kawai na ji wai ta ajiye aiki. Na je da kaina. Muka gaisa, ta kawo mini ruwa, na tambaye ta wa ya kore ta. Ta ce, "Yaya, ba wanda ya kore ni. Na daɗe ina addu'a a kai, na ga nan ne wurina yanzu." Tana faɗa tana murmushi. Murmushin nan shi ya hana ni sakat. Da ta ɓata rai da na gane, da na san wanda zan kama. Amma a ce mutum ya bar aikin gwamnati ya koma wankin zanin goyo, kuma yana murna? Na ce a raina, an ɗura wa yarinyar nan kanwa.

Na fara da Bitrus. Mutum ne marar magana, ni kuwa na gaya muku ra'ayina a kan mai shiru. Na ce wannan ya ga maƙwabtansa suna kulle ne, shi ma ya yi sha'awa, yake fakewa da coci. Daga nan na koma kan faston cocinsu, na ce ƙila mai share masa coci yake nema. Har asiri na zarga, Allah ya yafe mini. Matata Hajara takan ce, "Malam, ka ƙyale mutane su yi zamansu." Ni kuwa in ce ba ta san ciniki ba.

Sai na shiga yi wa gidan irin zuwan da nake yi wa garke. Ba na aikawa zan zo. Ba na bi ta ƙofar gaba, ta lungun baya nake ɓullowa, da rana tsaka, lokacin da kowace uwa ta gaji. Me na gani? Na ga shanya. Na ga Saratu a kan tabarma da yara, nata da na maƙwabta, har da 'ya'yan limamin layin, tana koya musu baƙaƙe da gawayi a jikin bango. Na ji ta tana waƙar coci tana tsintar wake, da murya irin wadda ba a yi don wani ya ji ba. Wani lokaci in tarar da matan zumuntar cocinsu sun cika tsakar gida suna buga tulu suna waƙa. Kullum in koma ba aibi a hannu, kuma kullum zargina ƙaruwa yake yi, don a wajenmu dabbar da ka rasa aibinta ita ce aka fi iya ɓoye nata aibin.

Ran nan sai na samu abin da nake nema. Na leƙo ta baya, ga Saratu zaune a bakin murhu ta haɗa kai da gwiwa tana kuka, miya ta kife a ƙasa, jariri na tsala ihu a ɗaki. Kun san me na ji? Daɗi na ji. Ko sallama ban yi ba na juya. Na nufi gidan babban dattijon cocinsu, na ce a tara mini mutane, in ba haka ba zan zo da amalanke in kwashe ƙanwata da kayanta in mai da ta ƙauye, ta zauna can har sai an bar ta ta koma aiki. Kuma da gaske nake, na riga na yi wa mai amalanken magana.

Aka zauna a ƙarƙashin dalbejiyar coci bayan sun tashi sujada. Na miƙe na yi bayani kamar mai tallan bijimi. Bitrus ya sunkuyar da kai, na ce kun gani ko, ko ido ya kasa haɗawa da ni. Sai dattijon ya ce, "Malam Ɗanjuma, mun ji naka. Bari mai gidan ta yi magana, tunda ita aka gani tana kuka."

Saratu ta ce, "Na yi kuka, Baba. Nakan yi ma, ba ranar kaɗai ba. Akwai ranar da nake jin ƙararrawar makaranta sai zuciyata ta bi ta. Amma Yaya, da nake koyarwa ma ai ina kuka, kai ne dai ba ka leƙo ta baya ba." Mutane suka kwashe da dariya, ita ba ta yi ba. Ta ce, "Mutumin nan da ka kunyata, shi ya yi ta roƙona kada in bar aikin. Ni na ƙi. Ubangijin da nake bi ya durƙusa ya wanke ƙafafun mabiyansa, bai ce aikin ya yi masa kaɗan ba. Yaran nan amana ce aka ba ni, kuma a wajensu na ji an kira ni. Ban ce kowace mace ta yi haka ba. Karatun da ka sha wahala na samu ma bai zube ba, yana nan a bangon gidana, ka sha gani."

Ban kwashi kowa ba. Amma Bitrus bai ƙara sa hannu a ƙwaryata ba har matarsa ta rasu. Zai gaishe ni har ƙasa, ya ce "Yaya, ina gajiya," in na ce bisimilla ya ce ya ƙoshi. Saratu kuwa kowace sallah sai ta aiko mana da cincin, kowace Kirsimeti ta sa a kira mahauci Musulmi ya yanka musu akuya don in iya ci. Sai in zauna ina taunar naman ina tunanin ko dabara ce ta toshe mini baki.

Ciwon ƙoda ne ya ɗauke ta, autanta bai gama firamare ba. Yanzu in na ga matan zamani a waya, kowacce ta ɗauki hoton falonta da 'ya'yanta ta rubuta godiya ga Allah, sai in ce ina ma a juya mini wayar in ga bayanta. Ban san me Saratu za ta ce a kansu ba. Ina jin dai za ta ce in sa wa idona linzami. Babbar 'yarta Rifkatu ta gama jami'ar garin nan, tana aiki a Kano, tana fita da safe ta bar yara wajen raino, kuma ita ma in na tambaye ta sai ta ce, "Kawu, na yi addu'a a kai." Murmushin ma irin na uwar. Na riga na fara tambayar ko gidan nata yana da lungu ta baya.

In aka ce in faɗi abin da ya rage na Saratu, ba zan ce na gane sirrinta ba, don har yau rabin zuciyata na cewa akwai abin da ban gani ba. Abin da na sani, bangon nan an shafe shi da siminti, amma akwai samari a layin da in sun gan ni sai su ce a hannun ƙanwata suka fara karatu. 'Ya'yanta huɗu in sun haɗu ba sa tashi sai sun riƙe hannu sun yi addu'a. Bitrus bai sake aure ba. A bara ya karɓi goro daga hannuna.

Ranar da aka binne ta, muna dawowa gida ni da Hajara, ina tafe ina ta surutu, ina cewa ni fa har yanzu ban tabbata yarinyar nan ta ji daɗin zaman gidan nan ba. Hajara ta gyara mayafinta, ba ta ko dube ni ba, ta ce, "Malam, ita ko banza an tara mata dattawa an tambaye ta. Ni da nake cikin gidanka tun kafin a yi mata aure, ka taɓa tambayata?"

Na yi kamar ƙarar babur ta hana ni ji. Ba ta maimaita ba, ni ma har yau ban tambaye ta ba.