Malam Labaran, Wanda Ya Gane Ciwona a Jikin Maɓallin Gogewa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. A ranar Laraba, 14 ga Mayu, 2025, bayan sallar La'asar, Allah Ya karɓi ran Malam Labaran Nuhu, mai gyaran kwamfuta a Badarawa, bayan jinyar kwana huɗu. Ina ofis aka bugo mini. Na yi salati, amma abin kunya, tunanin da ya biyo bayan salatin na kaina ne: yanzu wa zai rufa mini asiri?

Ni Harira Lawan, shekarata ashirin da tara ina buga takardu a ma'aikatarmu. Malam Labaran, kai ka raka ni sayen kibod ɗin da nake aiki da shi, irin mai ƙarar nan da kowane maɓalli ke da sifirin ɗinsa. Na nuna wani mai fitilu kala-kala, ka yi dariya ka ce na zo zaɓen kayan lefe. Ka ɓalle murfin maɓalli guda, abin da kake kira hula, ka nuna mini ƙafar da ke ƙarƙashi mai siffar alamar tarawa. Ka ce duk kibod ɗin da ba a samun hularsa a kasuwa, ranar da ta cinye ranar ya mutu. Ka sa na auna doguwar sandar tazara da ta wasu biyu, don wani kamfanin yakan yi tasa daban, in ta fashe sai dai haƙuri. Ka koya mini bambancin harafin da aka shafa a sama kamar fenti, wanda gumin yatsa ke lashewa cikin shekara, da wanda aka zuba a cikin robar. Na ce kai dai ka cika dogon bayani. Ka ce, "Yaya Harira, ai gara ki gaji yau."

Kai ne kake cewa kibod ba ya ƙarya. Na mai buga Hausa, harafin A ne ke fara yin santsi. Na ma'aikacin lissafi, lambobi. Shekara biyu da suka wuce ka zo share namu, ka daɗe kana juya nawa a bakin taga. Ka jira har abokan aikina suka fita salla, sannan ka ce, "Yaya, maɓallin gogewarki ya riga A cinyewa. Da ba haka kike ba. Hankalin ne ba ya wurin, ko ido ne?"

Ido ne. Ko mijina ban faɗa wa ba. Wata takwas ke nan gefen ganina yana rufewa a hankali, kamar ana jawo labule. Haka mahaifiyata ta fara, kuma ni na riƙa jan ta zuwa banɗaki shekara bakwai. Na roƙe ka don Allah kada ka faɗa wa kowa. Saura mini shekaru kaɗan in yi ritaya da mutuncina, ba na so a sallame ni ana tausaya mini.

Ka riƙe amana, ka kuma ƙara da abin da ban roƙa ba. Ɗan tudun da ke kan F da J, wanda yatsa ke lalubawa ya san mazauninsa, ya riga ya shafe a nawa. Ka samo sababbi masu kaifi. Ka kawo huluna masu kaushi ka dasa a wuraren da nake yawan kuskure, ka tabbatar tsayin kowace ya yi daidai da layinta, don ka ce hular layin sama in ta sauko ƙasa tuntuɓe take sa yatsa. Yatsuna suka koma gani a madadin idona. Duk wata uku kana zuwa, kuma duk zuwa sai ka ce, "Kin je asibitin?" Ni kuma in ce wata mai zuwa. Tsoro nake kada likita ya ambaci sunan abin, ya tabbata.

Tun rasuwarka ban sake zama a kujerata da natsuwa ba. Hular J ta tsage. Na sayo wata a kasuwa, ta shiga amma ta fi 'yan'uwanta tsawo, ba ta kuma da tudun. Ranar Talata hannuna ya goce da harafi ɗaya, na buga layi uku na shirme, na karanta ban gani ba, na miƙa. Shugaban sashenmu ya dawo mini da takardar da kansa, ya ajiye, ya dube ni, ya juya ya fita. Wannan kallon ya fi faɗa tsorata ni. Yanzu ko ƙofa aka buɗe sai in zaci shi ne ya dawo.

Amma abin da ya sa na yi wannan rubutu a gidanka na same shi, a Unguwar Kanawa, ranar sadakar uku. Matarka Sa'adatu ta riƙe hannuna, ta ce a kwanakin jinyarka akwai abu guda da ya dame ka. Ka ce mata akwai wata baiwar Allah da kake taimaka wa ta ɓoye ciwon ido, kana tsoron taimakon naka ne ya hana ta neman magani, kana tsoron Allah Ya tambaye ka idonta. Ta ce har ka cika ba ka faɗi sunan ba. Sai ta tambaye ni, "Yaya, ko kin san ta? In san inda zan nema masa yafiya."

Na ce mata ban sani ba. Na yi ƙarya a gidan makokinka.

Sa'adatu, ni ce. Mijinki ba shi da laifin komai, ya faɗa mini gaskiya sau takwas na ƙi ji. Babu abin da zan yafe masa, ni ce mai neman yafiya. Na karɓi katin asibiti, ranar Litinin zan ga likitan ido, daga can in wuce wurin shugabana in faɗa masa da bakina. Har yanzu tsoron nake ji.

Ya Allah, kada Ka tambayi Labaran idona, ni Ka tambaya. Ka jiƙansa, Ka haskaka kabarinsa, Ka sa Aljanna ce makomarsa. Ina miƙa ta'aziyyata ga Sa'adatu, da 'ya'yansa Atika da Yahaya, da mahaifiyarsa Hajiya Delu. Allah Ya ba ku haƙurin rashinsa, mu kuma Ya kyautata namu zuwan. Amin.