Gumin Ɗan Kokowa a Kwandon Shara

"Malam, ina audugar?"

Tambayar da Baba Idi ya tare ni da ita ke nan yau da safe a kasuwar Petit Marché. Shi ke horar da ƴan kokowar da nake bincike a kansu.

Shekara biyu ina fama da tez ɗin nan, wato kundin bincikena na jami'a, kan yadda zuciya da tsoka ke amsa motsa jiki. In sun zo labo, ɗakin gwajinmu, sai in goge musu gumi da auduga, in manna wayoyi a ƙirjinsu, su tuƙa keke na'ura tana rubuta bugun zuciya.

Na ce, "Baba, ai shara na zuba ta."

"Gumin ɗan kokowa a shara? Ka san hannun da ta faɗa? Tun ranar da ka goge Sani, sau uku ana kayar da shi. An yi masa asiri da ita. Ba wanda zai ƙara taka labonka."

Wallahi tez ɗin ya tafi, na haƙura. Sani ne damuwata. Awon da na yi masa ya nuna zuciyarsa tana tsallake bugu in ya yi aikin ƙarfi, dole likitan zuciya ya duba shi. Na faɗa wa Baba, ya ce, "Ka ga aikin audugar ko?"

Sani ya daina ɗaukar wayata, kuma Lahadi zai shiga fili.

Jama'a, da wane baki zan faɗa masa ya ji?