Basilla da Allurar Suga

A bayan tashar mota, tsakanin shagon mai walda da na mai gyaran waya, akwai wani ɗan shago da bai fi a shimfiɗa tabarma biyu a cikinsa ba. Warin gam da na fata ne ke tarbar mutum tun daga bakin ƙofa. Nan Basilla yake zama. Ya haura shekara hamsin, kuma tun gemu bai fito masa ba yake ɗinkin takalma. Sunansa na yanka ya ɓace tuntuni. Da matar da ta kawo jakar makarantar ɗanta, da direban da takalminsa ya buɗe baki, duk Basilla suke ce masa, saboda babbar allurar ɗinkin da ba ta barin hannunsa. Yatsunsa sun yi kanta. In ta soke shi, tsotse jinin yake yi ya ci gaba da hira.

Wannan mutumin ne ba ya iya kallon allurar asibiti. Ba raki ba ne. Da ya ga an ɓare leda an zaro sirinji, kunnuwansa kan toshe, gumi ya keto masa, duhu ya rufe idonsa, sai dai a tsince shi a ƙasa.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne, kowa a gidansu ya sani. Yana ƙaramin yaro zazzaɓi ya kwantar da shi, aka kira wani mai allura da ke yawo gida-gida da jaka. Mahaifinsa ya danne masa kafaɗu, yayansa da ya girme shi sosai ya zauna a kan ƙafafunsa, wani maƙwabci ya toshe masa baki. Yaron ya yi yunƙuri, allurar ta karye a cinyarsa. Da reza aka ciro guntun, ana danne da shi. Ya yi fitsari a wando.

A duk abin da ya faru ran nan, fitsarin kawai gidan ya riƙe. Yaya, wanda ya yi ritaya daga tuƙin babbar mota, mutum ne mai kyauta da ƙarar murya, kuma har yau Auta yake kiran ƙanensa. Ba a taruwa bai tayar da zancen ba.

"Auta, ka tuna ranar da ka yi mana ban-ruwa?"

A kwashe da dariya, har da surukai da jikoki. Basilla ya yi yaƙe, ya nemi takalminsa.

Ciwon suga ya kama shi shekarun baya, ƙwayoyi suka riƙe shi. Sai wata ƙusa ta soke shi a babban yatsan ƙafarsa ta dama, a cikin shagonsa, gyambon ya ƙi warkewa. Likitan da ya duba bai yi kwana-kwana ba. Ya ce ƙwaya ta daina aiki, sai allurar insulin kullum, in kuwa sugan bai sauka ba, ruɓar za ta haura sama, a yanke ƙafar.

Gidan ya yi abin da ya iya. Uwar yara, matarsa, ta koyi yin allurar a wajen nas. Da safe Yaya ya zo, 'ya'yan Basilla maza biyu suka rufe ƙofar falo, aka kayar da shi a kan doguwar kujera. Ya suma, aka yayyafa masa ruwa. Aka maimaita washegari. Daga nan ya fara sulalewa tun ba su tashi ba, ba karin kumallo, yana jan ƙafa. In ya dawo, duk wanda ya gaishe shi sai ya sha tsawa.

'Yarsa ta fari, malamar makaranta, wadda yake kira Uwata, ita ta gano cewa akwai wata likita a babban asibiti da ke duba masu irin wannan tsoron.

"Wajen masu taɓin hankali za ki kai ubanki?"

"Baba, ni ƙafarka nake so. Ka zage ni a hanya, amma mu tafi."

Ya zage ta a hanya. Yaya ma ya biyo su, ba wanda ya gayyace shi.

Ɗakin ƙarami ne: kujeru uku, fanka mai ƙara, taga tana kallon igiyoyin shanyar asibiti. Likitar 'yar siririya ce mai tabarau, ba ta sa farar riga ba. Ta ce cikin hanyoyin da take bi akwai wanda ake kira hifnosis, wato a kai mutum ga natsuwa mai zurfi da magana kawai. Yaya bai bari ta ƙarasa ba.

"Yauwa, abin da muke nema ke nan. Ki sa shi barci, mu danna masa abin nan, kowa ya huta. Ni hannuna ya gaji."

Basilla ya miƙe. Dama abin da ya zata ke nan, an samo hanyar danne shi ba tare da an yi gumi ba.

"Yallaɓai, ka jira mu a waje," in ji likitar. Ta jira har Yaya ya fita yana gunaguni, sannan ta ja kujerar Basilla ta kai bakin ƙofa, ta bar ƙofar a buɗe. "Baba, zauna nan. Duk lokacin da ka ga dama ka tashi ka tafi. Ba barci ba ne, za ka ji duk abin da ake faɗa. Ba kuma wanda zai iya kai ka can in ba ka yarda ba. Allura ba za ta taɓa ka a ɗakin nan ba sai in hannunka ne ke riƙe da ita."

"Kowa haka yake cewa kafin ya kira ƙarti."

"Na sani. Ka taɓa yin ɗinki har a yi ta maka sallama ba ka ji ba?"

"Uwar yara kullum ƙorafinta ke nan."

"To can za mu je. Kai ka san hanya, ni rakiya zan yi."

Zuwan farko bai rufe ido ba. Na biyu ya rufe ɗaya. A hankali ya yarda ya lumshe su, tana magana ƙasa-ƙasa, tana tambayarsa yadda ake ɗinke ƙasan takalmi: a goga wa zare kaki, a huda, a zura, a ja har ya yi ƙara. Yakan ji kafaɗunsa sun sauko, hannuwansa sun yi nauyi, ƙarar fankar ta yi nisa. A cikin wannan halin take sa shi ya hango allurar a zuci, tana can kan tebur, ya matso da ita, in ta yi masa yawa ya mayar. Ta koya masa kuma ya riƙa ƙanƙame naman cinyoyinsa da damatsansa da zarar ya ji duhun na tahowa, don kada jininsa ya faɗi ya suma. Daga hangowa aka koma ta gaske. Ta ajiye allurar insulin ɗin a gabansa da murfinta, mai kama da biro. Ya kalla. Wani zuwan ya ɗauka. Wani zuwan ya cire murfin, ya ga tsinin bai kai tsawon ƙwayar shinkafa ba, ya yi tsaki, gumi na ɗiga daga haɓarsa.

Wata rana ya buɗe ido ya ce ta goge masa ranar nan daga kansa gaba ɗaya.

"Ba na iya goge abin da ya faru, Baba. Duk wanda ya ce maka zai iya, ƙarya yake yi."

"To amfanin me?"

"Ka tuna da ita ba tare da ka faɗi ba."

Sai ya faɗi abin da bai taɓa faɗa wa kowa ba. Ya ce ba zafin rezar ne ke cinsa ba. Yaro ne ana yanka shi, manya uku a kansa, kuma fiye da shekara arba'in ba wanda ya ce masa sannu. Ban-ruwa suka ce.

Likitar ta kira iyalin ta gaya musu a fili: kada wanda ya sake taɓa shi, ya kusa iya yi wa kansa. Ta ce zai riƙa gwada natsuwar nan a gida da safe, a bar shi shi kaɗai. Suka ce to.

Sai dai uwar yara ce ke wanke gyambon. Ita ke ganin bakin gyambon na yin baƙi, ita ke jin warin. Likitan ƙafa kuma duk zuwa sai ya girgiza kai. Ta kai kuka wajen Yaya.

Ranar da abin ya faru, Basilla na zaune a falo, idonsa a lumshe, allurar na kan tebur a gabansa. Ya yi niyyar ranar zai ɗora tsinin a kan fatar cikinsa, ko da bai soka ba. Ya yi nisa a ɗinkinsa na zuci sai ya ji labule ya motsa. Ya ji numfashin Yaya. Ya ji raɗa.

"Ya tafi. Yi maza."

Duk ya ji. Abin da ya hana shi zabura nan take shi ne bai yarda za su yi ba. Kafin ya buɗe ido hannuwan Yaya sun sauka a kafaɗunsa, uwar yara ta yaye masa riga. Ya yi harbi da ƙafar mai ciwon, ta daki ƙafar tebur, duhu ya rufe shi.

Da ya farfaɗo, bandejin ya jiƙe da jini, Yaya na tsaye a kansa yana murmushi.

"Ka gani, Auta? Ko ji ba ka yi ba. Da tuni haka muke yi."

Basilla ya dafa kujera ya tashi zaune. Bai ɗaga murya ba, kuma abin da ya tsorata su ke nan.

"Na ji. Na ji shigowarka, na ji abin da ka ce mata. Wuri ɗaya na samu a duniya da nake rufe ido ba na jiran a faɗo mini. Da ƙyar na same shi, da gemuna fari. Nan ma sai da kuka biyo ni." Ya juya ga matarsa. "Shi dai na san shi. Ke fa? Ke na gaya wa ranar nan zan gwada."

"Baban yara, yatsan ya fara wari."

"Hancina a jikina yake."

Ya ɗaure tabarma da bargo, ya sa allurar a aljihu, ya koma shago da zama.

Likitar ta ce aiki ya koma baya, kuma ba ta ɓoye fushinta ba. Ta gaya wa Yaya a gaban mutane cewa allura guda ya samu, ya ɓarar da aikin makonni. Basilla ya daina iya rufe ido in akwai mutum a ɗaki, ko da ita ce. Sai ta fita baranda, shi ya kulle ƙofa ta ciki, tana yi masa magana ta taga. Haka suka sake hawa daga tushe, gyambon kuwa bai tsaya jiransu ba.

A shagonsa ya fara yi wa kansa, shi kaɗai, bayan ya sa sakata. Ya ƙanƙame cinyoyinsa, ya tsunkuli fatar cikinsa, ya soka, ya danna. Bai faɗi ba. Mai walda ya ce ya ji shi ta bango yana zagi, bai san wa yake zagi ba.

Sugan ya sauka, amma yatsan ya riga ya mutu. Aka cire shi, ƙafar ta tsira. Kafin aikin likitar ta bi ma'aikatan ɗakin tiyata ɗaya bayan ɗaya, ta ce duk wanda zai taɓa shi ya fara tambayarsa. Likitan ƙafa ya ce ba zai iya rantsewa cewa da an samu makonnin nan yatsan zai tsira ba. Basilla ya ce shi zai iya.

Ya koma gida da kwana saboda Uwata ta yi ta kuka, amma ba ya yin allura a can. Kullum da safe yakan zo shago, ya amso ta daga firjin mai sayar da lemo, ya rufe ƙofa. Uwar yara kan biyo shi da abin karin kumallo, ta tsaya a waje da kwanon a hannu har sai ta ji ƙarar sakata. Yana amsa gaisuwarta. Wani lokacin har ya ce ta zauna.

Yaya ya aiko manya, ya aiko jikoki, bai samu fuska ba. Kwanan baya ya zo da kansa, riƙe da takalmi ƙafa ɗaya da igiyarsa ta tsinke. Ya tsaya a bakin shagon, wuri ya yi masa kaɗan.

"Auta, don kai fa muka yi. Ka san ba mugunta ba ce."

Basilla na cusa soso a gaban wani takalmin dama, nasa ne, yana cike gurbin yatsan. Bai ɗago ba.

"Na sani."

"To ka duba mini wannan. Tun jiya nake jan sa."

Basilla ya dubi takalmin, ya dubi hannuwan da ke riƙe da shi.

"Akwai wani mai gyara a ƙofar tasha," ya ce. "Ɗinkinsa ba ya ƙarko, amma zai karɓa."